Jirin da Ido Ke Tayarwa: Me Atisayen Farfaɗowa Ke Yi, Kuma a Ina Masana Suka Rabu?

Akwai mutanen da lafiyarsu lau muddin suna zaune a ɗaki shiru, amma da sun shiga babban kanti mai dogayen layukan kaya da fitilu masu ƙyalli, ko sun tsaya bakin titi motoci na giftawa, ko sun ja rubutu da sauri a fuskar waya, sai kai ya ɗauki nauyi, ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashin ƙafa, zuciya ta fara tashi. Ba kasafai suke faɗuwa ba, kuma mai kallonsu ba ya ganin komai. A je asibiti, a auna jini, a ɗauki hoton kai, sakamako ya fito babu matsala. Daga nan wasu ke fara zargin kansu, na kusa da su kuma su fara cewa raki ne.

A 'yan shekarun nan an samu labarai biyu da suke kamar suna karo da juna. A watan Janairun 2022 bugu na 11 na kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara aiki, kuma a cikinsa akwai wata lalura ta daɗaɗɗen jiri da ake taƙaita sunanta na Turanci da PPPD, wadda irin wannan jiri na daga cikin manyan alamominta. Shekara guda bayan haka, a 2023, cibiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta ce ba ta samu ƙwaƙƙwarar hujja kan maganin wannan lalura ba, ko na ƙwaya ko wanda ba na ƙwaya ba. Duk da haka likitocin fisiyo na ci gaba da sa majinyata atisaye, suna cewa yana aiki, wasu asibitocin ma suna tallar tabarau na kwamfuta masu tsada. Mai fama da jirin sai ya rasa wa zai saurara. Maganganun biyu duk gaskiya ne, sai dai ba kan abu ɗaya suke ba.

## Alama daban, cuta daban

Abu na farko da ya kamata a raba shi ne hajijiya da jiri. Hajijiya ita ce mutum ya ji shi ko ɗakin na juyawa alhali babu abin da ke motsi. Jirin da ake magana a nan sau da yawa babu juyawa a cikinsa: rashin tabbas ne na inda jiki yake, da jin kamar ana lilo ko ana tangaɗi, wanda abin da ido ke kallo ne ke kunna shi. Abubuwan da ke kunna shi iri biyu ne. Akwai masu motsi, kamar cunkoson jama'a, matakala mai tafiya da kanta, ruwa mai gudu, fim ɗin da kyamararsa ke rawa. Akwai kuma waɗanda ba sa motsi amma sun cika ido, kamar darduma mai zane-zane, daɓe mai ratsi-ratsi, ko kantar da aka jera wa kaya iri ɗaya har ƙarshen gani.

Wannan jiri alama ce, kamar yadda zazzaɓi alama ce. Yana iya biyo bayan kumburin jijiyar daidaito ta cikin kunne, ko cutar cikin kunne da ake kira Ménière, ko buguwar kai, ko ciwon ɓarin kai mai zuwa da jiri, ko hajijiyar nan da ke tasowa idan mutum ya juya a kan gado.

PPPD kuwa suna ne na cikakkiyar lalura mai sharuɗɗa, waɗanda ƙungiyar Bárány, ta masana kunne da daidaito na duniya, ta fitar a 2017. Sai jirin ko tangaɗin ya kasance a mafi yawan kwanaki na tsawon wata 3 ko fiye. Sai ya zama yana ƙaruwa da abubuwa uku: tsayuwa ko tafiya, motsi, da kallon abu mai motsi ko mai yawan zane. Sai an samu abin da ya fara tayar da shi, yana hana mutum harkokinsa, kuma babu wata cuta da ta fi bayyana shi. Ke nan kusan duk mai PPPD na da jirin da ido ke tayarwa, amma ba duk mai wannan jiri ne ke da PPPD ba. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar rahoton Cochrane, kamar yadda za a gani a gaba.

## Yadda ido ke ƙwace aikin da ba nasa kaɗai ba

Ƙwaƙwalwa ba ta da wata gaɓa guda da ke gaya mata ko jiki na tsaye daidai. Kamar alƙali take da shaidu uku a gabansa. Shaida na farko yana can cikin kunne: a kowane kunne akwai ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da ke jin juyawar kai, da wasu jakunkuna biyu masu ƙananan duwatsu da ke jin karkata da tafiya gaba ko sama. Shaida na biyu jijiyoyin tafin ƙafa ne da gaɓoɓi da wuya, masu sanar da inda nauyi ya sauka. Na uku ido ne. Idan bakinsu ya zo ɗaya, mutum ba ya ma sanin ana wani zama.

Aikin kunne mutum na iya gwada shi yanzu. Ya ɗaga babban yatsa a gabansa, ya kafa masa ido, ya riƙa kaɗa kai hagu da dama da ɗan sauri: layukan fatar yatsan za su ci gaba da fitowa sarai. Sai ya tsayar da kai, ya kaɗa yatsan da irin wannan saurin: zai ga ya dushe. A karon farko kunne ne ke juya ido kishiyar inda kai ya nufa, cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ba. A karo na biyu ido ne kaɗai ke bin abu, kuma shi ba shi da wannan hanzari.

Ido kuma yana da saurin ruɗuwa. Wanda ya taɓa zama a jirgin ƙasa ko mota a tsaye, ta kusa da shi ta fara tafiya, ya san yadda yake jin kamar tasa ce ta motsa. A lafiyayyen mutum ruɗun ba ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin kunne da ƙafa na ƙaryata ido nan take.

To idan kunne ya samu matsala, ko da ta 'yan kwanaki ce, ƙwaƙwalwa na yin abin da ya dace: ta rage sauraron kunne, ta jingina da ido, ta ɗaure tsokokin wuya da ƙafa, mutum ya riƙa taka ƙasa a hankali yana lura da kowane taku. A makon farko wannan dabara ce mai ceto. A yawancin mutane, da kunne ya warke ko ƙwaƙwalwa ta saba da raunin, komai na komawa yadda yake. A wasu kuwa, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi mummunan jiri na farat ɗaya, dabarar ta ƙi sauka. Ido ya ci gaba da riƙe hukunci, duk abin da ya motsa a gabansa sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ne ke motsi, ta aika umarnin gyara tsayuwar da ba ta karkace ba.

Ana auna wannan dogaro da ido ta hanya mai sauƙi. A ɗaki mai duhu a nuna wa mutum sanda mai haske a allo, bayanta ɗigo-ɗigo na juyawa, a ce ya miƙar da sandar tsaye cak. Wanda ya dogara da ido sosai sai ya karkatar da ita wajen da ɗigon ke juyawa, yana kuma rantsuwa a tsaye take. Binciken da masana a Landan suka wallafa a 2014 da 2017 kan masu kumburin jijiyar kunne ya nuna abin da ya sauya tunanin likitoci da yawa: yawan ɓarnar da aka auna a kunne ba shi ne ya fi nuna wanda jirinsa zai daɗe ba. Dogaro da ido da yawan fargaba su ne suka fi nunawa.

Sai kuma ƙauracewa ta shigo. Wanda kanti ya tayar wa jiri zai daina zuwa kanti, kuma hakan ba wauta ba ce, domin yana samun sauƙi nan take. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta gyara kuskuren da ba ta sake haɗuwa da shi ba. Kowane wurin da aka daina zuwa darasi ne da aka fasa, har duniyar mutum ta tsuke ta koma ɗaki da tsakar gida. An gudu ba a tsira ba.

## Tsohuwar gardama

Muhawarar ko abin daga jiki yake ko daga zuciya ta haura shekara 150. A 1870 likita Moritz Benedikt na birnin Vienna ya bayyana mutanen da jiri ke kamawa a manyan filayen birni, ya danganta shi da ido. Jim kaɗan bayan haka Carl Westphal a Berlin ya bayyana irin waɗannan mutane, shi kuma ya fi ba tsoro muhimmanci. Ra'ayin tsoro ne ya yi rinjaye na tsawon lokaci, majinyatan suka koma hannun likitocin tabin hankali. A 1986 Thomas Brandt da Marianne Dieterich a Jamus suka dawo da batun fagen likitocin jijiya, a 1995 kuma Adolfo Bronstein a Landan ya bayyana jirin da gani ke tayarwa a tsakanin masu matsalar kunne, ya nuna yadda jikinsu ke tangaɗi fiye da kima idan abin da ke gabansu ya motsa. Sharuɗɗan 2017 sun tattara waɗannan bayanai a ƙarƙashin suna ɗaya, suka ce lalura ce ta yadda tsarin ke aiki: ba a ganin rauni a hoto, kuma ba ciwon tabin hankali ba ce, ko da yake fargaba na iya haifar da ita ko ta ƙara mata ƙarfi.

Shi atisayen ya girmi sunan. A shekarun 1940 Terence Cawthorne da Frank Cooksey a Ingila suka lura cewa masu raunin kai da waɗanda aka yi wa tiyatar kunne sun fi saurin miƙewa idan suna motsa kai da ido maimakon kwanciya. Jerin motsin da suka tsara har yau ana raba shi a takarda a asibitoci da dama.

## Abin da ake yi a ɗakin atisaye

Kafin komai sai an nemo abin da ya fara tayar da jirin, a ga ko yana nan. Idan ƙananan duwatsun kunne ne suka kauce suka faɗa bututu, ana mayar da su da wani juyin kai na 'yan mintoci da ake kira da sunan John Epley, kuma babu atisayen ido da zai maye gurbinsa. Idan ciwon ɓarin kai ne ke tashi a kai a kai, sai an lafar da shi, in ba haka ba duk abin da aka gina a mako guda zai rushe a rana ɗaya. Ana kuma duba ido kansa, domin tabarau da bai dace ba, ko mai haɗe da gilashin nesa da na kusa, na iya ƙara ruɗu.

Bayan haka atisayen na tafiya ta fuskoki huɗu, ba lallai a jere ba.

Akwai kafa ido. Majinyaci ya manna kati mai harafi ɗaya a bango daidai idonsa, ya tsaya kamar taku ɗaya daga gare shi, ya riƙa juya kai hagu da dama yana riƙe da harafin a ido, da saurin da harafin bai dushe ba. Minti ɗaya, ya huta, ya sake sama da ƙasa. Da farko bangon fari ne fes. Bayan kwanaki a manna katin a kan takarda mai ɗaki-ɗaki baƙi da fari, daga baya a riƙe shi a gaban talabijin tana aiki. Harafin bai canza ba, bayansa ne ake ƙara wa hayaniya da gangan. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin fisiyo ta Amurka ta sabunta a 2022 ta ba da shawarar a yi wannan sau 3 zuwa 5 a rana, jimillar aƙalla minti 20, na mako 4 zuwa 6, ga mai tsohon rauni a kunne ɗaya. Ta kuma ce motsa ido kaɗai kai na tsaye ba ya wadatarwa.

Akwai sabawa da motsin da ke tayar da jirin: sunkuyawa, waiwaye, tashi daga kwance, ana maimaitawa har jiki ya daina firgita da su.

Akwai atisayen tsayuwa da tafiya, wanda manufarsa a tilasta wa ƙwaƙwalwa komawa ga kunne da ƙafa. A tsaya ƙafa haɗe ido rufe kusa da bango, a tsaya kan soso mai kauri, a yi tafiya ana juya kai, daga baya a yi tafiyar ana lissafi da baki. Lissafin ba wasa ba ne. Mai wannan lalura ya saba sa ido kan kowane taku, shi kuwa daidaito ya fi kyau idan hankali na wani wuri.

Na huɗu shi ne wanda ya fi shafar wannan jiri kai tsaye: kallon motsi da gangan. A sa mutum gaban allo mai ratsi ko ɗigo masu tafiya, ko bidiyon da aka ɗauka ana ratsa cunkoso ko layin kanti. A fara a zaune, da ƙaramin allo, na daƙiƙa 30 ko ƙasa da haka. Sai a tsaye, sai da babban allo a ɗaki mai duhu, sai ana taka ƙafa, sai ana juya kai. Ƙarshen tsanin shi ne wurin gaske: kanti a lokacin da babu mutane, layi ɗaya, minti biyar, a fito. Mako mai zuwa layi biyu.

Duk wannan ya rataya ne kan awo. Atisayen da bai tayar da jiri ko kaɗan ba, bai koya wa ƙwaƙwalwa komai ba. Wanda kuma ya kwantar da mutum yini guda ya koya mata cewa tsoronta na da dalili. Abin da likitocin fisiyo ke nema shi ne jirin ya ɗan tashi, daidai wanda za a iya jurewa, ya kuma lafa cikin kamar minti 15 zuwa 20 bayan an tsaya. Shi ya sa ake cewa majinyaci ya ba jirinsa maki daga 0 zuwa 10 kafin atisaye da bayansa, ya rubuta. Idan ya kwana da shi, an wuce gona da iri, gobe a rage. A rage, ba a daina ba. Mafi yawan waɗanda suke cewa sun gwada atisaye bai yi musu ba, ɗayan biyu ne ya faru: ko sun fara daga saman tsani, ko sun tsaya a makon farko da suka ji jirin ya ƙaru, alhali ƙaruwar farko abu ne da ake sa rai da shi.

## Inda hujja ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni

Ga mai rauni a kunne ɗaya, maganar atisaye ta zauna. Nazarin Cochrane na 2015 ya tattara gwaje-gwaje 39 da suka ƙunshi mutum 2,441, ya ce atisayen na da amfani kuma ba shi da haɗari.

Ga jirin da ido ke tayarwa a cikin irin waɗannan majinyata, aikin Marousa Pavlou da abokan aikinta a Landan ne aka fi ambata. A 2004 sun nuna cewa ƙara kallon motsi a kan atisayen da aka saba ya fi rage wannan nau'in jiri fiye da atisayen shi kaɗai. A 2013 suka kwatanta babbar na'ura mai cika ido da faifan bidiyo na gida, na tsawon mako 8. Sauƙin da aka samu bai bambanta sosai ba. Bambancin ya fito a wani wuri: cikin waɗanda aka bari su yi da bidiyo su kaɗai babu mai duba su, fiye da rabi sun watsar kafin ƙarshe, alhali cikin masu zuwa wurin likita kusan ɗaya cikin goma ne suka bari. Ga mai tunanin kashe kuɗi, wannan sakamako ya fi kowace talla amfani.

Tabarau na kwamfuta masu nuna duniyar kwaikwayo na da fa'idarsu: ana iya ƙara yawan mutane a kantin ƙarya ko rage su da danna maɓalli, kuma majinyata kan ji daɗinsu, abin da ke taimaka wa dagewa. Masu sukarsu na cewa gwaje-gwajen ƙanana ne, tabaran kan tayar wa lafiyayyu ma da zuciya, kuma ba a nuna sun fi hanyoyi masu araha a kai a kai ba. Matsayar da ta fi daidai ita ce kayan aiki ne mai kyau a hannun wanda ya iya awo, ba sharaɗin warkewa ba.

Wannan bai nufin atisayen gida ba shi da amfani. Lucy Yardley da abokan aikinta a jami'ar Southampton sun nuna tun 2004 cewa ɗan littafin atisaye tare da ɗan bayani daga ma'aikaciyar jinya na rage daɗaɗɗen jiri, daga baya aka mayar da tsarin na intanet, aka kuma gwada shi a Holan da sakamako mai kyau a 2019. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje kan jiri ne gaba ɗaya, da motsin kai mai sauƙi, ba kallon ratsi masu gudu ba.

To me Cochrane ta faɗa a 2023? Ta taƙaita ne kan masu PPPD da aka tabbatar da sharuɗɗan 2017, ta kuma nemi gwajin da aka kwatanta magani da na bogi ko da rashin magani, aka bi mutane aƙalla wata 3. A ɓangaren ƙwayoyi ba ta samu ko ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren ta samu guda ɗaya tak, na mutum 24, kan ratsa ƙaramar wutar lantarki ta fatar kai. Ma'anar wannan ita ce zuwa lokacin ba a yi wa atisaye gwajin da ya cika wannan mizani ba tukuna, wanda ba abin mamaki ba ne ga lalurar da sharuɗɗanta ba su daɗe da fitowa ba. Ba ta ce an gwada atisaye ya gaza ba. Amma su ma masu cewa an tabbatar atisaye na warkar da PPPD sun wuce inda hujja ta tsaya. Abin da ke hannu shi ne ƙananan bincike masu ƙarfafa gwiwa, da hujja mai ƙarfi daga lalurori makusanta.

## Ƙwaya da zaman tattaunawa

Ƙwayoyin kwantar da jiri irin su prochlorperazine, cinnarizine da meclizine, da masu sa barci irin su diazepam, suna da amfani a kwana biyu ko uku na farkon mummunar hajijiya da amai. Bayan nan masana sun yi ittifaƙi cewa suna jinkirta warkewa, domin suna dusashe saƙon da ƙwaƙwalwa ke buƙata ta gyara kanta. Mutane da yawa na shan su wata da watanni, kuma wannan na daga cikin abin da likita ke fara dubawa. Wanda ya daɗe kan irin diazepam ba ya yanke shi rana ɗaya, sai a hankali bisa shawarar likita.

Wani rukunin daban shi ne magungunan da aka sani da maganin damuwa, kamar sertraline da venlafaxine. Likitoci da dama na ba da su a PPPD, har ga wanda ba shi da ciwon damuwa, ana farawa da ɗan kaɗan, ana jiran mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci. Masu goyon baya na kafa hujja da majinyatan da suka samu sauƙi a asibitocinsu. Masu taka-tsantsan na nuna cewa ba a kwatanta su da ƙwayar bogi yadda ya kamata ba, kuma a makonnin farko suna iya ƙara jiri da tashin zuciya.

Zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, wanda ake koya wa mutum gane tunanin da ke rura tsoro da kuma daina ƙauracewa, shi ma sakamakonsa gauraye ne. Wani gwaji a Ostireliya a 2012 ya samu sauƙi bayan zama uku kacal. Wani a Suwidin ya samu sauƙi da farko, amma da aka waiwayi majinyatan bayan shekara guda amfanin ya gushe. Saboda haka hankali ya fi karkata yanzu ga haɗa shi cikin atisayen kansa, likitan fisiyo ya riƙa bayani yana kuma sa motsi. Wasu majinyata na jin an raina ciwonsu idan aka ambaci fargaba. Amma jijiyoyin daidaito da na firgici a haɗe suke a cikin ƙwaƙwalwa, kowanne na iya kunna ɗan uwansa, kuma wanda ƙasa ta taɓa juya masa a tsakiyar titi ba ya buƙatar wani dalili kafin ya ji tsoro.

Baƙin tabarau a cikin ɗaki, da kallon ƙasa yayin tafiya, da riƙe keken kaya ko hannun wani, duk suna kawo sauƙi na lokacin. Ana iya amfani da su a tsallake rana mai wuya. Idan suka zama ɗabi'a, sun koma wani nau'in ƙauracewa, kuma cire su ɗaya bayan ɗaya na cikin tsarin atisayen.

## Abin da wannan ke nufi ga mai fama da na kusa da shi

Hoton kai da ya fito lafiya ba ya ƙaryata jirin, domin ba a hoto ake ganin wannan lalura ba. Da labarin majinyaci da gwajin ido da kunne da tsayuwa ake gane ta. Wanda zai ga likita ya fi samun biyan buƙata idan ya je da bayani dalla-dalla: yaushe abin ya fara, me ya faru a makon, waɗanne wurare ke tayar da shi, minti nawa yake ɗauka ya lafa, waɗanne ƙwayoyi yake sha. Kalmar jiri ita kaɗai ta ƙunshi ƙarancin jini, faɗuwar hawan jini idan an miƙe, bugun zuciya marar tsari, saukar sukari da illar magani, kuma babu ɗayansu da atisayen ido ke gyarawa.

Lokaci ma sai an yi haƙuri da shi. Ana maganar makonni 6 zuwa 12 kafin a ga canji mai ma'ana, wanda ya shekara da shekaru da abin kuma yana iya ɗaukar fiye da haka. Sauƙin ba ya zuwa a miƙe: rashin barci, mura, gajiya ko tashin hankali na iya dawo da jirin na kwanaki, sai a koma matakin baya a sake hawa. Domin kada mummunar rana ɗaya ta rufe ci gaban wata guda, asibitoci na amfani da takardar tambayoyi 25 da aka fitar a 1990, mai maki daga 0 zuwa 100, ana cikewa a farko da kuma bayan makonni. Wasu na warkewa sarai, wasu na samun sauƙin da ya ishe su komawa aiki da ɗan saura.

Ga mai aikin kwamfuta, ƙananan gyare-gyare na rage wahala ba tare da an bar aikin ba: ƙara girman rubutu, juya shafi-shafi maimakon jan rubutu, kashe hotuna masu motsi da kansu, ɗaga ido a kalli abu mai nisa lokaci-lokaci, da komawa aiki sa'o'i kaɗan ana ƙarawa. Iyali kuma taimakonsu ya fi amfani idan suka raka mutum kanti na minti biyar fiye da su ɗauke masa zuwan gaba ɗaya, ko su ja shi cikin cunkoso wai ya daure.

Bidiyon ratsi masu gudu sun cika intanet, kuma ba kowa ya kamata ya kunna su ba. Mai farfaɗiya, musamman wadda haske ke tayarwa, kada ya kalle su sai da izinin likita. Mai ciwon ɓarin kai ya fara da 'yan daƙiƙu. Tsoho ko mai yawan faɗuwa kada ya yi atisayen rufe ido sai a kusurwar ɗaki da kujera a gabansa da wani a kusa. Mai ciwon wuya ya rage faɗin juyin kai.

Akwai kuma jirin da ba a jira da shi, ba a kuma yi masa atisaye. Idan ya zo farat ɗaya tare da ganin abu biyu-biyu, karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, kasa tsayuwa ko zama ba tare da an riƙe mutum ba, matsanancin ciwon kai irin wanda bai taɓa yi ba, ciwon ƙirji, suma, ko toshewar ji a kunne ɗaya nan take, wannan na iya zama shanyewar ɓarin jiki ko wata lalurar gaggawa, kuma asibiti ake nufa a wannan sa'ar. Haka ma ga wanda ya daɗe da PPPD: tsohon jiri ba ya hana sabon ciwo zuwa, don haka duk alamar da ba ta yi kama da wadda ya saba ba sai likita ya gani.